Tsirkiya da tantani: inda na tsaya game da ka'idar da gwaji bai kai gare ta ba

Shekaru da dama ke nan ina bibiyar wani reshe na ilimin fiziks da ake kira ka'idar tsirkiya, kuma duk sa'ad da na yi ƙoƙarin bayyana wa wani abin da ta ƙunsa, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce ko an tabbatar da ita. Amsar gaskiya ita ce ba a tabbatar ba. Babu gwaji ko guda a duniya da ya nuna cewa tsirkiyoyin da ake magana a kansu suna nan. Sai dai wannan amsa, ko da yake gaskiya ce, ba ta bayyana dalilin da ya sa mutane masu zurfin ilimi suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan bincike fiye da shekara hamsin ba, kuma ba ta bayyana dalilin da ya sa ni ma na kasa janye hankalina daga gare shi ba.

Tushen al'amarin saɓani ne tsakanin manyan ka'idoji biyu waɗanda kowacce ta ci jarrabawarta. A 1915 Albert Einstein ya nuna cewa ƙarfin janyowa, wato abin da ke mayar da dutse ƙasa idan an jefa shi sama, kuma yake riƙe duniya a kewayen rana, ba wani abu ba ne illa lanƙwasar sarari da lokaci. Shekara goma bayan haka Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka kafa ka'idar kwantum, wadda ke bayyana halayyar ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙwayar zarra. Daga ita aka gina bayanin sauran ƙarfi uku na halitta, wato na lantarki da maganaɗisu, da mai rauni da ke haddasa wasu nau'o'in ruɓewar ƙwayar zarra, da mai tsanani da ke ɗaure cibiyarta. Amma idan aka ɗauki ƙarfin janyowa aka bi da shi ta hanyar da aka bi da sauran ukun, lissafin yakan fitar da amsoshi marasa iyaka waɗanda babu dabarar kawar da su, kuma amsa marar iyaka a wurin da ya kamata a sami adadi alama ce cewa ka'idar ta kai inda ba ta da abin faɗa. Babban dalilin wannan tangarɗa shi ne an ɗauki kowace ƙwaya a matsayin ɗigo marar tsawo ko faɗi, ta yadda biyu za su iya kusantar juna ba tare da iyaka ba.

Ka'idar tsirkiya ta sauya wannan zato guda ɗaya tak. Ta ce abin da muke ɗauka ɗigo ne, ɗan siririn zare ne mai tsawo, wanda ko dai yana da baki biyu ko kuma ya haɗe ya zama zobe. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san cewa izgar doki guda ce a ɗaure, amma muryoyin da ke fita daga cikinta ba su da adadi, gwargwadon yadda take kaɗawa. Haka ka'idar ta ɗauki ilektiron da kwak (ƙwayar da ake gina cibiyar zarra da ita) da ƙwayar haske: abu guda ne, salon kaɗawarsa ne ya bambanta, kuma salon ne ke ba kowace ƙwaya nauyinta da cajinta. Saboda tsirkiya tana da tsawo, haɗuwar biyu ba ta faruwa a ɗigo guda, sai ta bazu, amsoshin nan marasa iyaka kuma su ɓace. Tsawon da ake zato kuwa yana kusa da abin da ake kira tsawon Planck, wato mita 1.6 a raba ta da 1 mai sifili 35 a bayansa, abin da ya gaza ƙwayar furoton da kusan ninki 1 mai sifili 20.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin ka'idar shi ne babu wanda ya tashi da niyyar ƙirƙiro ta. A 1968 wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Veneziano, yana aiki a cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN da ke Jeneba, ya lura cewa wani tsohon lissafi na Leonhard Euler ya dace da yadda ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ƙarfi mai tsanani suke karo da juna. Bai san dalilin dacewar ba. Cikin shekara biyu Yoichiro Nambu da Holger Nielsen da Leonard Susskind, kowa a nasa gefen, suka gano cewa lissafin yana bayyana tsirkiyoyi ne masu kaɗawa. Ba a daɗe ba aka sami wata ka'ida da ta fi dacewa da ƙarfi mai tsanani, musamman bayan aikin David Gross da Frank Wilczek da David Politzer na 1973, sai kusan kowa ya watse ya bar tsirkiya. Daga cikin aibobin da ake ganin tana da su akwai wata ƙwaya marar nauyi mai juyi 2 (juyi siffa ce ta ƙwaya mai kama da jujjuyawa a kan kanta, ana auna ta da adadi), wadda ke fitowa daga lissafin ko an so ko ba a so, alhali babu irinta a cibiyar ƙwayar zarra. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz, da kuma Tamiaki Yoneya a Japan, suka nuna cewa wannan ƙwaya tana da daidai siffofin da ake buƙata ga ƙwayar da ke ɗauke da ƙarfin janyowa. Ashe abin da ake ta neman a kankare daga ka'idar shi ne dukiyarta. Scherk ya rasu a 1980, bai ga ranar da duniyar fiziks ta juyo gare su ba, wadda ta zo a 1984 lokacin da Michael Green da Schwarz suka nuna cewa wasu kurakuran lissafi da ake tsoron za su rusa ka'idar suna soke junansu, matuƙar an zaɓi rukunin daidaito mai sassa 496.

Wannan nasara tana da farashi biyu. Na farko, lissafin ba ya tsayawa da ƙafarsa sai a sarari mai fuskoki 10, wato tsawo da faɗi da tsayi da lokaci da muka sani, da wasu shida da ba mu gani. Amsar da ake bayarwa ta samo asali daga Theodor Kaluza a 1921 da Oskar Klein a 1926: fuska tana iya naɗewa ta ƙanƙance har ido ko na'ura su kasa ganinta, kamar igiyar guga da mai hange daga nesa zai ɗauka layi ne kawai, alhali tururuwar da ke kanta tana iya zagaya ta. A 1985 Philip Candelas da Gary Horowitz da Andrew Strominger da Edward Witten suka nuna cewa idan fuskoki shidan suka naɗe cikin wata siffa da ake kira Calabi-Yau, abin da zai rage a fuskoki huɗu yana kama da duniyarmu a wasu muhimman siffofi.

Farashi na biyu shi ne abin da nake kira daidaiton ƙoli, wanda masana ke taƙaita sunansa da SUSY, kuma a nan ne nake so in ɗan daɗe. Ƙwayoyin halitta sun kasu gida biyu. Akwai ’yan gidan Fermi, irin su ilektiron da kwak, masu rabin juyi, waɗanda biyu daga cikinsu ba sa taɓa zama a hali guda, kuma wannan ƙin cunkoso ne ya sa dutse yake da tauri, ƙasa take ɗaukar ƙafa. Akwai kuma ’yan gidan Bose, irin su ƙwayar haske, masu cikakken juyi, waɗanda ke son taruwa a hali guda, abin da ya sa hasken leza yake yiwuwa. Daidaiton ƙoli ya ce kowace ƙwaya a wannan gida tana da abokiyar tagwaitaka a wancan, kuma dokokin halitta ba sa sauyawa idan aka musanya su. Tunanin ya ɓullo a wurare da dama ba tare da masu shi sun san da juna ba: Pierre Ramond da André Neveu da Schwarz a cikin lissafin tsirkiya a 1971, Yuri Golfand da Evgeny Likhtman a Mosko a shekarar, sannan Julius Wess da Bruno Zumino a 1974. A wannan shekarar ce kuma Abdus Salam, wanda ya kafa cibiyar binciken fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa, shi da John Strathdee suka samar da salon lissafin da har yau ake rubuta ka'idar da shi.

Masana ba don kyan lissafi kaɗai suka ƙaunaci wannan tunani ba. Ƙwayar Higgs, wadda ke da alaƙa da yadda wasu ƙwayoyi ke samun nauyinsu, tana da wata matsala, domin gudummawar da sauran ƙwayoyi ke bayarwa ga nauyinta ya kamata ta tura shi sama ƙwarai, zuwa kusa da ma'aunin Planck, wato makeken makamashin da ya dace da tsawon Planck. Gudummawar ’yan gidan Fermi da ta ’yan gidan Bose suna zuwa da alamu masu kishiyantar juna, don haka idan kowace ƙwaya tana da tagwai, sai su soke juna, nauyin ya zauna ƙasa. Ban da wannan, idan aka sanya tagwayen cikin lissafi, ƙarfin nan uku suna haɗuwa a wuri kusan guda idan makamashi ya yi yawa ƙwarai, kuma mafi sauƙin nauyi a cikin tagwayen tana iya zama baƙin sinadarin da masu nazarin taurari suka ga alamarsa ba su ga shi kansa ba. Tsuntsu uku da jifa guda ba ƙaramin kwaɗayi ba ne. Amma dabarar soke gudummawar tana aiki da kyau ne kawai idan tagwayen ba su yi nauyi fiye da kima ba, wato idan suna daidai inda babbar na'urar CERN da ke haɗa ƙwayoyi karo, mai zoben kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, za ta iya haifar da su.

Na'urar ta fara aikin bincike sosai a 2010. Ranar 4 ga Yuli, 2012, aka sanar da gano ƙwayar Higgs mai nauyin kusan GeV 125 (GeV ma'auni ne na makamashi da nauyin ƙwayoyi). An ƙara ƙarfin karo zuwa TeV 13, wato GeV dubu 13, a 2015, sannan zuwa 13.6 a 2022, kuma har yau ba a ga tagwai ko guda ba. A mafi sauƙin tsare-tsaren ka'idar, an riga an kore yiwuwar tagwan guluwon, ƙwayar da ke ɗauke da ƙarfi mai tsanani, a ƙasa da kusan TeV 2. Masu kare ka'idar tsirkiya sukan ce ita ba ta taɓa ƙayyade nauyin tagwayen ba, suna iya kasancewa can nesa da inda kowace na'ura za ta kai, kuma wannan magana daidai ce a lissafi. Duk da haka ba na jin daɗin yadda wasu ke faɗinta kamar ba a taɓa sa rai ba. An sa rai, an rubuta dubban takardu bisa wannan fata, kuma shirun da ya biyo baya sakamako ne na gaske da ya cancanci a karɓe shi da sunansa. Halitta ba ta yi amfani da daidaiton ƙoli ta hanyar da aka fi zato ba.

Abin da ya hana ni juya baya ya zo ta wata ƙofa dabam, ƙofar tantani. Kafin 1995 akwai ka'idojin tsirkiya guda biyar, abin da ke da ban takaici ga mai neman bayani guda. A watan Maris na shekarar, a wani taro a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Witten ya kawo hujjojin cewa biyar ɗin fuskoki ne na abu guda, kuma a wani yanayi fuska ta 11 tana buɗewa. Ya sa wa wannan abu suna ka'idar M. Bayan ’yan watanni Joseph Polchinski ya nuna cewa ka'idar ba tsirkiyoyi kaɗai ta ƙunsa ba, tana ɗauke da shimfiɗaɗɗun abubuwa masu fuska biyu ko uku ko fiye, waɗanda nake kira tantani. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce ga wanda ya san molo ko gurmi: tsirkiya mai baki biyu dole ta sami inda bakinta zai maƙale, kuma wurin maƙalewar ba ƙa'ida ce ta takarda kawai ba, abu ne mai nauyi da caji, yana motsi, yana lanƙwasa. Tsirkiya mai baki tana zamewa a kan tantani amma ba ta iya barinsa, ita kuwa mai siffar zobe tana yawo ko'ina. Tun da ƙwayar janyowa zobe ce, wasu masana, cikinsu har da Lisa Randall da Raman Sundrum a 1999, suka yi nazarin ko duniyarmu baki ɗaya tantani ce mai fuska uku, kuma ko raunin ƙarfin janyowa yana da alaƙa da fuskar da ba mu gani. Wannan ma ba a sami shaidarsa ba, kuma ba shi ne ya gamsar da ni ba.

Wanda ya gamsar da ni shi ne lissafin baƙin rami, wato wurin da ƙarfin janyowa ya tsananta har haske ma ba ya iya kuɓuta. A farkon shekarun 1970 Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka gano cewa baƙin rami yana da entirofi, wato ma'aunin yawan hanyoyin da za a iya jera abubuwan da ke cikin abu ba tare da kamanninsa na waje ya sauya ba. Sun sami cewa adadin daidai yake da rubu'in faɗin farfajiyar ramin idan an auna da ma'aunin Planck, kuma ga rami mai nauyin rana ya kai kusan 1 mai sifili 77. Matsalar ita ce babu wanda ya san abin da ake ƙirgawa, domin a ka'idar Einstein baƙin rami ba shi da siffa sai nauyi da caji da juyi. Fiye da shekara ashirin tambayar tana nan a ajiye. A watan Janairu na 1996 Strominger da Cumrun Vafa suka ɗauki wani nau'in baƙin rami a sarari mai fuska biyar, suka gina shi a takarda daga tantanan da aka naɗe a ɓoyayyun fuskoki, suka ƙirga hanyoyin da tantanan za su iya kaɗawa. Daidaiton ƙoli ne ya ba su damar yin haka, domin yana tabbatar da cewa ƙirgar da aka yi lokacin da ƙarfin hulɗa yake ƙarami ba ta sauyawa idan ƙarfin ya ƙaru har abin ya rufta ya zama rami. Amsar da suka samu ita ce ta Bekenstein da Hawking, har da rubu'in nan. Hanyoyi biyu ne da ba su haɗa komai ba, ɗaya daga lanƙwasar sarari, ɗaya daga ƙirgar kaɗawar tantani, suka sauka a kan adadi guda. Gaskiya ne ramin da suka yi amfani da shi ba irin wanda ke tsakiyar taurarinmu ba ne, amma ban ga yadda za a kira irin wannan dacewa katari ba.

A ƙarshen 1997 Juan Maldacena, ɗan ƙasar Ajantina, yana ɗan shekara 29, ya duba tarin tantanai masu fuska uku ta hanyoyi biyu, ya yanke cewa ka'idar tsirkiya a wani lanƙwasasshen sarari mai fuska biyar daidai take da wata ka'idar kwantum marar ƙarfin janyowa da ke zaune a bakin iyakar wannan sarari, mai fuska huɗu. Ma'anar ita ce duk abin da ke faruwa a ciki yana rubuce a jikin bango, kuma tambayar da ta gagara a harshe ɗaya ana iya fassara ta zuwa ɗayan inda take da sauƙi. Ba a kafa cikakkiyar hujjar lissafi a kan wannan ba, amma an jarraba shi ta hanyoyi masu yawa bai faɗi ba. Da shi ne Pavel Kovtun da Dam Son da Andrei Starinets suka lissafa ƙarancin kaurin wani ruwa mai tsananin hulɗa, adadin kuma ya zo kusa da abin da aka auna a narkakken kwak da guluwon da ake samarwa a Brookhaven ta Amurka. Wannan ba shaida ba ce cewa duniya tsirkiya ce, shaida ce cewa kayan aikin suna yanka.

Masana lissafi tsantsa sun riga kowa yarda da haka. A 1991 Candelas da Xenia de la Ossa da Paul Green da Linda Parkes suka yi amfani da wata siffa ta tsirkiya suka ƙirga lanƙwasassun layuka a kan wani sararin Calabi-Yau. An san adadin mataki na farko, 2,875, da na biyu, 609,250. Su suka ce na uku 317,206,375 ne. Wasu masana biyu ’yan Norwe, Geir Ellingsrud da Stein Arild Strømme, sun sami adadi dabam ta hanyar da aka saba, amma da suka sake duba shirin kwamfutarsu suka sami kuskure, suka gyara, sai ga adadin masu tsirkiya.

Raunin da ya fi damuna yanzu ba rashin tagwaye ba ne, yawan amsoshi ne. Hanyoyin naɗe fuskoki shida suna da yawan gaske, adadin da aka fi ambata shi ne 1 mai sifili 500, kuma kowace hanya tana ba da duniya mai nata ƙwayoyi da nata dokoki. Ka'idar da ta yarda da kusan komai da wuya a kama ta da laifi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarfin na'urar CERN da ma'aunin Planck, kusan ninki 1 mai sifili 15, ta sa ba za a iya zuwa a duba kai tsaye ba. Saboda haka nake ganin ƙimar shirin da Vafa ya fara a 2005, wanda ya juya tambayar: maimakon a nemi duniyarmu a cikin wannan tari, a nemi abin da ka'idar ta haramta. A 2018 shi da Hirosi Ooguri da abokan aikinsu suka kawo hasashen cewa ka'idar tsirkiya ba ta yarda da duniyar da baƙin makamashinta, wato abin da ake zaton yana ƙara saurin faɗaɗar sararin samaniya, yake tsaye ba ya sauyawa. Wannan magana ce mai haɗari ga masu ita, domin tun da aka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya tana ƙara sauri, mafi sauƙin bayani shi ne makamashi tsayayye, kuma wasu masana tsirkiya, irin su Shamit Kachru da Renata Kallosh da Andrei Linde da Sandip Trivedi a 2003, sun yi ƙoƙarin gina irin wannan duniya a cikin ka'idar. Saɓanin yana nan tsakaninsu har yau.

Na'urar DESI da ke kan dutsen Kitt Peak a jihar Arizona tana auna nisan miliyoyin tarin taurari domin gano yadda faɗaɗar ta kasance a zamanai dabam-dabam. Sakamakon da aka fitar a Afrilun 2024 da Maris na 2025, idan aka haɗa shi da wasu ma'aunai, ya nuna alamar cewa baƙin makamashi yana iya kasancewa yana raguwa da tafiyar lokaci. Alamar ba ta kai matsayin da masana ke kira ganowa ba, tana iya ƙarfafa, tana iya shuɗewa kamar yadda wasu suka shuɗe a baya, kuma ko ta tabbata ba za ta zama hatimi ga ka'idar tsirkiya ba, domin akwai wasu bayanai da za su iya ɗaukarta. Amma wannan ne karo na farko cikin shekaru da na ga wata magana da ta fito daga masu tsirkiya tana jiran hukuncin na'urar hangen nesa, kuma sakamakon DESI na gaba shi ne abin da na fi zuba wa ido.